Taƙaitaccen Tarihin Shaihu Ahmadu Baba na Tambutu da Littattafan Garinsu

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, wannan taƙaitaccen tarihi ne na wani babban malami daga cikin malaman ƙasar Sudan ta yamma, watau Shaihu Ahmadu Baba na Tambutu, Allah Ya ji ƙansa. A inuwar masallaci ya tashi, a cikin masallaci aka kama shi, kuma a masallaci ya karantar a ƙasar waɗanda suka kama shi. Wanda duk ya bi labarinsa, lalle zai bi labarin littattafan garinsu, yadda aka tara su da yadda aka kwashe su.

GARINSU DA GIDANSU

Tambutu gari ne a bakin hamadar Sahara, cikin ƙasar da a ke kira Mali a yau, ɗan nesa kaɗan arewa da kogin Kwara. Buzaye ne suka kafa shi wajen shekara ta 1100 Miladiyya, ya zama zango inda ayarin raƙuma masu ɗauke da gishiri su ke haɗuwa da jiragen ruwa masu ɗauke da hatsi da zinariya, a mashigin Kabara. Kada mai karatu ya zaci wani ƙasaitaccen birni ne irin Kano. Sa'ad da Bajamushen nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarimu, ya zauna a garin cikin 1853 da 1854, ya ƙiyasta mazaunansa ba su wuce 13,000 ba. Abin da ya kai sunansa nesa shi ne malamai da littattafai. Hasan al-Wazzan, wani matafiyi mutumin Fas da ya ziyarci garin a farkon ƙarni na 16, ya ba da labari cewa littattafan da a ke kawowa daga Magrib sun fi kowace haja riba a kasuwar garin.

Cikakken sunan Shaihu shi ne Ahmadu ɗan Ahmadu ɗan Alhaji Ahmadu ɗan Umaru ɗan Muhammadu Aƙit. Zuriyarsu Sanhaja ce, daga ƙabilar Masufa. An haife shi ran 21 ga watan Zulhajji, shekara ta 963 ta Hijira, daidai da 26 ga Oktoba, 1556. Kakansu na farko, Muhammadu Aƙit, daga Masina ya taso ya zo ya zauna Tambutu cikin ƙarni na 15. Da Sarkin Songai Sonni Ali ya ci garin a 1469 ya matsa wa malamai lamba, sai jama'ar gidan suka yi ƙaura zuwa Walata, ba su sami natsuwa ba sai da mulki ya koma hannun Askiya Muhammadu a 1493.

Kakansa wanda ya haifi ubansa, Alhaji Ahmadu, ya yi aikin Hajji a 1485, ya sadu da Imamu Suyuɗi a Masar. Da ya juyo ya tarar ƙasarsu ba lafiya, sai ya ratso Kano ya zauna yana karantarwa, a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, kana daga baya ya koma gida. Mutum ne mai ƙwazon juya littattafai da hannunsa. Da ya rasu an sami mujalladi wajen 700 a gidansa. Ƙanensa kuwa, Mahmudu ɗan Umaru, shi ne ya riƙe alƙalancin Tambutu shekara 50, daga 1498 zuwa 1548, kuma ta hannunsa karatun Muhtasar na Shaihu Halilu ya yaɗu a garin. Bayansa 'ya'yansa uku suka yi alƙalanci bi da bi, Muhammadu, da Aƙibu, da Umaru.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan Alƙali Aƙibu, domin shi ne ya sabunta ginin manyan masallatan garin guda uku cikin shekarun alƙalancinsa, daga 1565 zuwa 1583, watau Jingarebar, da Sidi Yahaya, da Sankore. Littafin Tarihul Fattash ya kawo cewa sa'ad da ya je Hajji ya auna tsawon Ka'aba da faɗinta da igiya, ya zo da igiyar gida. Ran da za a aza harsashin masallacin Sankore sai ya fito da ita, ya kafa turaku a kusurwa huɗu, ya fitar da farfajiyar masallacin bisa wannan awo. Ahmadu Baba yana saurayi a lokacin, ya kuma yi karatu a gaban wannan alƙali, ya karɓi ijaza daga gare shi.

Mahaifinsa shi ma malami ne mai daraja, har Askiya Dawuda ya riƙa zuwa duba shi da dare sa'ad da ya kwanta ciwo a Gawo. Ya tara littattafai masu wuyar samu, bai kuwa yi rowar ba da aronsu ba. Ya yi shekaru masu yawa yana karanta Buhari da Muslimu a masallacin Sankore cikin Rajab da Sha'aban da Azumi. A nan ne ma, yana tsakiyar karatun Muslimu, harshensa ya yi nauyi, aka yi masa ishara ya dakata, bayan 'yan kwanaki Allah Ya karɓi ransa a 1583.

To, yaya taskar littattafai ta ke a wancan zamani? Ba wani gini ne na hukuma da a ke zuwa a zauna a yi karatu ba. Kowane gidan malamai da tasa taskar, a ɗaki ɗaya cikin gida. Takarda daga ƙetaren hamada a ke kawo ta, saboda haka tsada gare ta. Ba a ɗinke littafi. Warƙoƙi ne a sake, a kan rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan shafin da ya gabata don kada su rikice, sa'an nan a haɗa su cikin tadarishi, a sa a gafaka, kamar dai yadda mu ke gani a wurin malamanmu na zaure. Mai son littafi ko dai ya saya a hannun fatake da alhazai, ko ya yi aro ya juya da kansa, ko ya biya marubuci ya juya masa. Akwai masu wannan sana'a a garin, har akwai mai bin bayan marubuci yana sa wasali yana gyara kurakurai, kowa da ladansa na zinariya. An juya babban ƙamus ɗin nan na Ibn Sida mai suna al-Muhkam a Tambutu cikin shekarun 1570, marubutan suka rubuta sunayensu da abin da aka biya su a ƙarshen mujalladan. Askiya Dawuda, wanda ya yi sarauta daga 1549, yana da marubuta nasa masu juya littattafai, ya kan kuma raba wa malamai. An taɓa sayen kofi guda na littafin Ƙamus a kan miskali 80 na zinariya da kuɗinsa, aka ba wani malami.

MALAMINSA

Duk cikin malamansa babu wanda ya kama zuciyarsa kamar Muhammadu Bagayogo, Bawangare, wanda aka haifa a Jenne wajen 1523, ya kuma yi limancin masallacin Sidi Yahaya. Wangarawa dai su ne 'yan'uwan waɗannan da tarihin Kano ya ce sun zo da addini a zamanin Sarki Yaji. Ahmadu Baba ya lazimci wannan bawan Allah fiye da shekara 10. Ya sauke Muhtasar a gabansa wajen sau takwas, tsakanin wanda ya karanta da bakinsa da wanda ya saurara wani na karantawa. Ya yi shekara uku a kan Tashil na Ibn Malik kaɗai, cikin nahawu. Ya karanta Muwaɗɗa, da Ashafa, da Sugura ta Sanusi cikin tauhidi, da Hikam na Ibn Aɗa'illahi, da waƙen Shaihu Magili cikin manɗiƙi, da wasunsu cikin usulu da balaga da arula.

Abin da muka sani game da Bagayogo, daga alƙalamin almajirin nan nasa muka san shi. Ya sifanta shi da haƙuri wajen karantarwa, ya kan wuni yana maimaita wa mai nauyin fahimta darasi ba ya gajiya, har waɗanda ke zaune su ƙosa, shi kuwa ko a jikinsa. Daga sallar Asuba ya kan zauna karatu har hantsi, ya tashi ya tafi wurin alƙali don ya yi wa wani ceto ko ya sulhunta masu husuma, ya komo ya ci gaba. Bayan Magariba ya karantar a masallaci har Lisha. Amma halinsa da ya fi ba almajirin mamaki shi ne yadda ya ke ba da aron littafi. Ya kan ba da mafi tsada da wuyar samu daga cikinsu, ba ya kuwa bin sawu a mayar masa. Wani lokaci almajiri ya kan tsaya a ƙofar gida ya aika da sunan littafin da ya ke so, malamin ya ɗauko ya miƙa a kai masa, bai ma san ko wane ne ba. Ta haka littattafansa da yawa suka salwanta, bai kuwa daina ba. Ran nan Ahmadu Baba ya je neman littattafan nahawu, malamin ya shiga taskarsa ya bincika, ya fito masa da duk wanda hannunsa ya kai gare shi.

Wanda ya san zaure ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Littafin da ba a ɗinke ba, in warƙa ɗaya ta faɗi a hannun mai aro, ya nakasa ke nan, wanda zai cike giɓin kuwa sai ya sami wani kofi, mai yiwuwa a wani gari mai nisan tafiyar wata guda. Saboda haka ba mu ga laifin malamin da ya ke kaffa-kaffa da gafakarsa ba. Sai dai mun sha ganin inda kaffa-kaffar ta ke kaiwa. Malami ya rasu, a raba littattafansa cikin gado kamar yadda a ke raba tufafi, juzu'i na farko ya tafi wannan ɗaki, na biyu ya tafi wancan, a kulle a adaka, bayan shekara goma a buɗe a tarar gara ta riga kowa karantawa. Na Bagayogo da suka bazu a hannun almajirai an yi ta juya su. Har yanzu akwai taskar littattafai ta zuriyar Wangarawa a Tambutu wadda a ke danganta asalinta gare shi. Ahmadu Baba ya ɗauke shi a matsayin mujaddadin ƙarni na goma na Hijira a ƙasarsu.

Kafin ya cika shekara 35 ya riga ya fara wallafa. A 1588 ya rubuta wani littafi mai suna Jalbun Ni'ima, yana gargaɗin malamai su nisanci ƙofar azzaluman masu mulki. Ya kuma tara littattafai nasa na kansa har mujalladi 1,600. Da bakinsa ya faɗa daga baya cewa a cikin danginsa shi ne mafi ƙarancin littattafai.

ZUWAN MAYAƘAN MAROKO

Sarkin Maroko na wannan zamani shi ne Ahmadu al-Mansur, wanda ya hau gado a 1578. Ya daɗe yana jayayya da sarakunan Songai a kan mahaƙar gishiri ta Tagaza, idonsa kuwa yana kan zinariyar Sudan. A ƙarshen 1590 ya tashi runduna ta wajen mutum 4,000, galibinsu 'yan bindiga, ya ɗora musu Judar Basha, suka ƙetare hamada. Suka haɗu da Askiya Isiyaku na biyu a Tondibi, arewa da Gawo, cikin watan Maris, 1591. Mutanen Songai sun fi su yawa nesa ba kusa ba, amma mashi da kibiya ba su yi wa albarushi komai ba. Daular da ta shekara fiye da ɗari tana tsare da hanyoyin Kwara ta watse a wuni guda.

Mayaƙan suka shiga Tambutu suka rushe gidajen mutane suka gina ganuwarsu, suka sare itatuwa, har ƙyamaren ƙofofi suka ciccire don sassaƙa jirage. Kafin shekara ta ƙare mutanen gari suka yi bore. Mahmudu ɗan Zarƙun, wanda aka aiko ya canji Judar, ya ɗauka gidan Aƙit ne tushen taurin kan garin, gama su ne alƙalai, su ne kuma jama'a ke jin maganarsu. Cikin watan Muharram na 1002, watau Oktoba 1593, ya sa aka yi shela kowa ya zo masallacin Sankore a sabunta mubaya'a ga Sarki. Aka fara da fatake da sauran jama'a, aka bar malamai a ƙarshe. Da suka hallara sai aka rufe ƙofofi aka kama su. A kan hanyar kai su ganuwa rikici ya tashi, aka kashe waɗansu daga cikinsu nan take. Sa'an nan Basha ya shiga gidajensu ya kwashe dukiya da littattafai.

Suka yi wajen wata biyar a tsare. Cikin Maris 1594 aka tasa su gaba, maza da mata da yara, har da Alƙali Umaru wanda ya riga ya tsufa, aka bi da su ta hamada cikin mari. A hanya Ahmadu Baba ya faɗo daga kan raƙumi ya karye a ƙafa. Suka isa Marrakush ran 1 ga watan Azumi, aka zuba su a kurkuku. Alƙali Umaru bai daɗe ba ya rasu a can. Bagayogo, wanda ba a kama shi ba, shi ma ya rasu a Tambutu cikin wannan shekara, almajirinsa yana ɗaure a wata ƙasa.

Bayan shekara biyu, cikin Azumin 1004, watau 1596, aka fitar da su daga kurkuku bisa sharaɗin ba za su bar Marrakush ba, ɗaurin talala ke nan. Malamin tarihin Maroko, al-Ifrani, ya kawo labarin shigarsa wurin al-Mansur. Ya tarar Sarki yana magana da mutane ta bayan labule. Ya ƙi yarda da haka, ya nuna masa cewa yin magana ta bayan shamaki ba sifar abin halitta ba ce, in yana da magana da shi sai ya kau da labulen. Sarki ya sa aka ɗage. Sa'an nan ya tambaye shi dalilin da ya sa aka washe kayansa, aka tozarta littattafansa, aka ɗauro shi daga Tambutu har ƙafarsa ta karye. Sarki ya kawo hanzarin cewa so ya ke ya haɗa kan Musulmi. Malamin ya mayar masa da cewa in haka ne, ai Turkawan da ke Tilimsan sun fi kusa da shi, don me bai fara da su ba. Sarki ya kawo hadisin da ya yi umurni a ƙyale Turkawa muddin sun ƙyale mutane, malamin kuma ya kawo masa maganar Ibn Abbas da ta nuna wannan hukunci na wani zamani ne. Sarki bai sami amsa ba, majalisa ta tashi. Abin lura a nan shi ne, mutumin da aka raba da garinsu aka kashe masa dangi, da ya sami bakin magana a gaban Sarki, littattafansa suna cikin abin da ya fara tambaya.

Ya zauna yana karantarwa a masallacin Shurafa na Marrakush. Nan fa mutanen Magrib suka ga abin da ba su zata ba, wanda aka kawo cikin mari daga ƙasar baƙar fata ga shi manyan malamansu suna durƙusawa a gabansa. Alƙalin Fas Ibn Abi Nu'aim, da Ibn al-Ƙali mai littattafan tarihi, da muftin Marrakush, duk sun zauna a majalisinsa. Al-Maƙƙari, wanda daga baya ya wallafa Nafhuɗ Ɗib a kan tarihin Andalus, ya sadu da shi yana saurayi ya karɓi ijaza. Aka riƙa kawo masa tambayoyi yana ba da fatawa, amma bai karɓi muƙamin hukuma ba.

A cikin wannan zama ya kammala littafinsa mafi shahara, Nailul Ibtihaj, a shekara ta 1005 ta Hijira. Cikon littafin Dibaj ne na Ibn Farhun, wanda ya tara tarihin malaman mazhabar Maliku. Ahmadu Baba ya ƙara waɗanda aka tsallake da waɗanda suka zo daga baya, mutum wajen 800, daga Andalus da Magrib da Masar da Hijaz, ya kuma sa malaman ƙasarsu a sahu ɗaya da su. A 1603 ya taƙaita shi ya yi masa gyare-gyare, ya kira shi Kifayatul Muhtaj. Mu mutanen ƙasar Hausa muna da babban rabo a cikin waɗannan littattafai biyu. A ciki ne a ke samun tarihin Shaihu Magili da zuwansa Kano da Katsina, da na Mahlufu al-Bilbali wanda ya karantar a garuruwan nan biyu, da na Aida Ahmadu al-Tazahti wanda ya yi alƙalancin Katsina ya rasu wajen 1529, wanda Katsinawa da yawa su ke ɗauka shi ne Waliyyi Ɗan Takum. Ba don wannan ɗaurarre ya zauna ya rubuta ba, da abin da za mu iya faɗa da hujja game da malaman ƙasarmu na ƙarni na 16 bai taka kara ya karya ba.

Al-Mansur ya mutu da annoba a 1603, 'ya'yansa suka shiga yaƙi da juna a kan gado. Ɗayansu, Maulaya Zaidan, shi ne ya yi wa Shaihu izinin komawa gida. Ran da zai tashi manyan gari suka raka shi, wani ya kama hannunsa ya karanta masa ayar da a kan karanta wa matafiyi don fatan ya sake dawowa. Shaihu ya fizge hannunsa, ya roƙi Allah kada Ya sake komo da shi wannan ƙasa. Ya yada zango a Tamgurut cikin kwarin Dar'a a 1607, inda ya rubuta amsa a kan hukuncin taba, wadda a lokacin sabon abu ce, shi kuwa bai ga haramcinta ba, ko da ya ke malamai da yawa sun saɓa masa. Ya shiga Tambutu a 1608, bayan shekara 14. Galibin waɗanda aka tafi da su tare, can aka binne su.

Su ma littattafan gidan al-Mansur ba su tsira ba. A 1612 tawaye ya kori Zaidan daga Marrakush, ya loda taskarsa, littafi wajen 4,000, a jirgin wani Bafaranshe don a kai masa wata tasha. Mai jirgin ya ga ba a biya shi ba ya gudu da kayan, jiragen yaƙin Sifen suka tare shi a teku suka ƙwace, aka kai littattafan fadar Eskoriyal. Sarakunan Maroko suka yi ta aika jakadu neman a mayar, ba a mayar ba. A 1671 gobara ta ci babban kashi daga cikinsu.

ƘARSHEN RAYUWARSA DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Ya tarar da Tambutu a hannun mayaƙan nan, masu mulki suna ta kisan juna, majalisun karatu sun yi ƙaranci. Ya ci gaba da karantarwa da ba da fatawa. A 1615 mutanen Tuwat suka aiko masa da tambaya game da bayin da a ke kawowa daga Sudan, wane ne ya halatta a mallaka, kuma in bawa ya ce shi ɗa ne Musulmi, maganar wa za a kama. Amsarsa ita ce littafin Mi'irajus Su'ud. Ya bayyana cewa launin fata ba shi ne dalilin bauta ba, ya kuma rushe zancen masu cewa baƙar fata la'ana ce da ta bi zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu. Ya lissafa Barno, da Kano, da Katsina, da Gobir, da Songai, da Mali, da wani sashi na Zazzau, ya ce mutanensu Musulmi ne tun da daɗewa, da son ransu suka musulunta ba da yaƙi ba, saboda haka mallakarsu haram ce. Wanda duk ya yi da'awar daga can ya fito, a karɓi maganarsa har sai mai shi ya kawo hujja, kamar yadda Alƙali Mahmudu ya ke hukuntawa a Tambutu. Bai ɓoye laifin sarakunanmu ba. Ya faɗa a fili cewa Katsina ta kan kai wa Kano hari, alhali harshensu ɗaya ne, a kamo 'ya'ya Musulmi a sayar. Shaihu bai hana bauta ɗungum ba, ya tsaya ne a kan fiƙihun zamaninsa, har ya ambaci ƙabilun da ya ce ba su shiga wannan kariya ba, wannan kuwa ya zama hujja a hannun masu farautar mutane daga baya. Amma ga wanda aka kamo daga Kano ko Gobir aka kai kasuwar Tuwat, wannan fatawa ita ce ƙofar fita.

Ya rasu a Tambutu ran 6 ga Sha'aban, 1036, daidai da 22 ga Afrilu, 1627, yana da shekara 70 bisa lissafin Miladiyya. Ya bar wallafe-wallafe fiye da 40. Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, amin.

Littattafansa sun iso ƙasarmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, ya kafa hujja da maganarsa game da ƙasashen Sudan cikin Bayanu Wujubil Hijira, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya ɗebo tarihin malamai daga gare shi cikin Infaƙul Maisuri. Abdurrahmani Sa'adi, mai Tarihus Sudan, ya cika babin malaman Tambutu da abin da ya ciro daga wurinsa. Saboda haka ne ma, da Barth ya sami kofin wannan tarihi a Gwandu cikin 1853 ya zauna yana kwafar abin da ya iya, sai ya ɗauka Ahmadu Baba ne mawallafinsa, Turawa suka bi shi a kan haka shekaru da dama kafin a gane na Sa'adi ne.

Gidajen malaman Tambutu kuwa suka ci gaba da riƙon abin da ya rage da abin da suka sake tarawa. Da Faransawa suka ci garin a 1894, da yawa suka ɓoye nasu a cikin ɗakuna, waɗansu suka haƙa rami suka binne, waɗansu suka kai ƙauyuka. Bayan Mali ta sami mulkin kai, hukumar UNESCO ta kira taron masana a Tambutu a 1967, aka ba da shawarar kafa wurin tattara rubuce-rubucen hannu. Ya fara aiki a 1973, aka sa masa sunan Ahmadu Baba, ƙasar Kuwait ta taimaka da gini. Ma'aikatansa suka bi gida gida da ƙauye ƙauye suna saye suna roƙo, har suka tara fiye da 30,000. Waɗansu gidaje kuma suka gwammace su buɗe nasu taskokin ga masu bincike, kamar ta Mamma Haidara da aka buɗe a 2000. Shugaban Afirka ta Kudu Thabo Mbeki ya ziyarci garin a 2001, ƙasarsa ta gina wa cibiyar sabon mazauni wanda aka buɗe a 2009, dab da masallacin Sankore inda aka kama Shaihu.

A 2012 'yan bindiga suka mamaye arewacin Mali, suka riƙe Tambutu wajen wata goma, suka rushe hubbaren waliyyai. Ma'aikatan cibiyar da masu taskokin gida suka riƙa fitar da littattafai a ɓoye, cikin buhuna da akwatunan ƙarfe, waɗansu a mota, waɗansu a jirgin ruwa ta Kwara, zuwa Bamako. Cikin Janairun 2013, da 'yan bindigar za su gudu, suka tara abin da suka samu a sabon ginin suka cinna masa wuta, rubutu 4,203 ya halaka. Waɗansu dubbai da ke ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba su gan su ba. Waɗanda aka kai Bamako suka shekara fiye da 12 a can, ana fama da laimar garin wadda takardar hamada ba ta saba da ita ba, ana ɗaukar hotonsu warƙa warƙa ana adanawa a kwamfuta. Cikin watan Agusta, 2025, aka ɗauko kashin farko na littattafan cibiyar a jirgin sama aka mayar da su Tambutu.